Ƙwan Zabi A Cikin Dusa

Wata rana, wata yarinya 'yar shekara tara mai suna Hansatu ta tsaya a tsakar wani gida a ƙauyen Unguwar Ɗorawa, rungume da ƙullin kayanta.

Kakarta da ta riƙe ta tun daga yaye ta rasu. Da aka yi addu'ar bakwai, kawunta ya goyo ta a keke ya kawo ta gidan iyayenta.

Ya nuna mata wata doguwar mata siririya da ke tsugune tana tsinkar zogale a faranti.

Ya ce, "Ga mahaifiyarki nan."

Hansatu ta san matar. Ta taɓa ganinta sau biyu ko uku a wajen biki a gidan Kaka. Ita ce wadda 'yan gidan suke kira Yaya. Ita ce kuma mai wasa da kowane yaro, ban da ita.

Matar ba ta ɗago kai ba.

Ba ta ce sannu da zuwa ba. Ba ta ce zo nan ba.

Ta miƙe ta shiga madafa, ta fito da ɗan kwano. Kwaɗon zogale ne da ƙuli-ƙuli, a kansa ga dafaffen ƙwan zabi guda ɗaya an ɓare. Ta ajiye kusa da ƙafar yarinyar, ta juya fuskarta wajen katanga.

Ta ce wa katangar, "A ci."

Haɗuwarsu ta farko ke nan.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka wata ce za ta ɗauka. Kunya ce, kuma a wajen iyayenmu ita ce tarbiyya.

Sai dai babu wanda ya zaunar da 'yar shekara tara ya yi mata wannan bayanin.

Abin da ta gani kawai shi ne ƙanwarta Zulai. Sau ashirin a yini ake kiranta. "Zulai! Zulen Inna! Zo ki ga abin da na ajiye miki."

Ita kuwa sunanta "ke". In ta yi nisa, "ku ce wa waccan ta zo."

Zulai tana cewa Inna. Hansatu ta ci gaba da cewa Yaya, yadda ta saba ji a gidan Kaka.

Ta girma da buri guda ɗaya, ɗan ƙarami, wanda ko ƙawarta ba ta taɓa gaya wa ba. So take ta ji sunanta a bakin Yaya. Ko sau ɗaya. Ko da a cikin faɗa ne.

Ta taɓa fasa tulu da gangan don a ƙwala mata kira. Yaya ta fito ta dubi fasassun, ta ce, "Allah ya kyauta," ta ɗauko tsintsiya.

Babansu ya rasu Hansatu tana shekara goma sha biyar. Daga nan ɗan lambun bayan gida da garken zabi suka riƙe gidan. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo. Yaya tana cikin lambun tun hantsi, magana kaɗan, aiki da yawa.

Sai Allah ya kawo Mudassir, malamin firamare a Zariya, mutum mai sanyin murya. Ranar da ya fara zuwa zance ya kira sunanta cikakke, a hankali, kamar yana tsoron kada ya faɗi ya fashe.

"Hansatu."

A nan ya gama da ita. Sauran abin da ya faɗa a ranar, ko ɗaya ba ta riƙe ba.

Aka yi biki. Da za a fita da amarya, ta ɗaga mayafi tana neman Yaya a cikin mata. Aka ce ta zaga lambu.

Shekara ta zagayo, Hansatu ta samu ciki.

Labari ya isa ƙauye a farkon damina. Talatar da ta biyo baya, Malam Mudassir ya dawo daga makaranta da ɗan buhu a bayan babur. Direban motar ƙauyensu ne ya tsayar da shi a tasha ya ba shi.

Ta kwance bakin buhun.

Busasshen zogale, kore shar, irin wanda aka shanya a inuwa. Wake. Ƙuli-ƙuli. Daddawa a ƙunshe cikin ganye. Garin kunun gero. A ƙasa kuma ga wata tsohuwar roba cike da dusa, an binne ƙwan zabi goma sha biyu a ciki don kada su fashe a hanya.

Hansatu ta zazzage komai. Ta juya buhun ciki waje. Ta sa hannu ta tona dusar har ƙasa.

Takarda take nema.

Ta san Yaya ba ta iya rubutu ba, amma Zulai ta iya. Layi ɗaya ya isa. Ya jikin? Ki kula da kanki.

Babu komai.

Ta kira wayar Zulai ta ce a ba Yaya.

"Yaya, ina wuni? Na ga saƙo."

"To. Ya mai gidan?"

"Lafiya lau."

"Madalla. Ga Zulai."

Shi ke nan. Ba a tambayi jiki ba, ba a tambayi ciki ba.

Hansatu ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye, ta mayar da kayan cikin babban faranti, ta ɗauka ta leƙa ɗakin maƙwabciyarta, Maman Siyama.

Maman Siyama ta riƙe haɓa. "Amarya, duk wannan? Ke da kike da juna biyu?"

"Ba na son warin ganye."

"To ƙwan fa? Ƙwan zabi ne fa, baiwar Allah! Ni tawa tsohuwar in ta aiko, gaisuwa ce da ƙorafin ciwon gwiwa."

"Ki ba su Siyama su ci."

"Ki ɗauki ko biyu mana."

"Na ƙoshi."

Ta kaɗe buhun, ta ninke, ta sa robar a ciki. Washegari Malam ya mayar wa direba.

Talata ta gaba buhu ya dawo a cike.

Haka aka yi ta yi. Buhu ya zo da nauyi, ya koma babu komai. Malam yana fita tun safe, bai san ta wace ƙofa kayan ke bi ba. In ya tambaya, sai ta ce ta ci da rana.

Abin da take ci kuwa, taliyar leda ce da lemon kwalba mai sanyi. Biskit da shayi. Ga ƙanƙara da take tauna kamar gyaɗa, ga farar ƙasa a ƙulle a bakin zane.

Ba don abincin Yaya bai mata daɗi ba. Sau da yawa ƙamshin daddawar nan yakan tsaya mata a rai. Fushi ne. A zuciyarta tana cewa, ni ba akuya ba ce da za a dinga turo min ganye babu magana.

A wajen awo, wata nas mai tabarau ta ja fatar idonta ƙasa, ta buɗe tafin hannunta ta duba.

"Jininki ya yi ƙasa. Me kike ci?"

"Komai."

"Komai ba sunan abinci ba ne. Ki nemi ganye, zogale da alayyafo. Wake, ƙwai, hanta in kin samu. Ga maganin ƙarin jini, kullum za ki sha. Kin ji ni ko?"

Hansatu ta kusa yin dariya. Kamar matar ta leƙa buhun Yaya.

Maganin ta sha kwana uku, ya tayar mata da zuciya, ta cilla shi saman kwaba.

Da ciki ya shiga wata bakwai, Malam ya zauna kusa da ita bayan la'asar.

"Hansa, ba za ki je goyon ciki ba? Haihuwar fari ce, a gida ake yi."

"In je wajen wa?"

"Wajen Inna mana."

"Malam, matar da ko sunana ba ta iya faɗa, ita za ta yi min jego? A nan zan haihu."

Ya daɗe yana kallonta. Ya kama hannunta ya juya, ya ga yadda farcenta ya yi fari.

"Wannan hakin da kike yi ba ya min daɗi."

"Nauyin ciki ne."

Da saƙo ya isa ƙauye cewa ba za ta zo ba, Yaya ta ɗauki ƙwarya ta zaga lambu. Talatar da ta biyo baya dai, ƙwan da ke cikin dusa ya zama goma sha shida.

Naƙuda ta zo ranar wata Alhamis da hantsi, saura sati uku lokaci ya cika.

Aka haifi 'ya mace, ƙarama amma da ranta, da kukanta.

Sai jini ya ƙi tsayawa.

Jikin da ya shiga ɗakin haihuwa da jini ɗan kaɗan, ba shi da abin da zai zubar. Hansatu ta ji ɗakin yana nisa da ita. Aka kwantar da ita a gado bayan wani koren labule, aka ce a nemo masu ba da jini. Malam ya tafi a ɗebi nasa. Tun da safe ya riga ya kira Zulai.

Bayan azahar, tana tsakanin farkawa da suma, ta ji takun silifa ya tsaya a teburin nas da ke bayan labulen.

Ta san takun. Fiye da shekara goma tana jinsa yana wuce ƙofar ɗakinta bai tsaya ba.

Yaya ce. Matar da ko sau ɗaya ba ta taka gidan auren 'yarta ba saboda kunya, ga ta a asibitin birni da lakar lambu a ƙafa. An aiki Zulai ɗakin jarirai, ita kaɗai ce a tsaye.

"Baiwar Allah, na zo a ɗebi jinina."

Nas mai tabarau ce a kan teburin. "Wa za ki ba wa?"

"Waccan. Ta bayan labule."

"Mama, mata huɗu ne a bayan labule. Suna zan rubuta."



"'Yar wajena ce."

"Na ji. Sunanta?"

"Matar Malam ce, mai koyarwa a..."

"Mama, lokaci yana tafiya, jini kuma yana zuba. Sunanta."

Hansatu ta kasa kunne.

Muryar ta fito can ƙasa, kamar an ja ta daga rijiya.

"Hansatu."

"Ban ji ba."

"Hansatu! Sunanta Hansatu. 'Yata ce ta fari. Ku ɗebe duka in dai za ta tashi."

Shekara ashirin da biyu a duniya.

Ashe haka sunan yake a bakin Yaya. Da ɗan ja a tsakiya, kamar wadda ta daɗe tana faɗarsa ita kaɗai.

Hawaye ya gangaro ya shiga kunnen Hansatu. Ba ta da ƙarfin ɗaga hannu ta share.

Nas ta huda yatsar Yaya ta gwada. Sai aka ji ƙarar kujera, ta miƙe tsaye.

"Innalillahi. Mama, da ƙafarki kika zo nan?"

"Da mota, sannan da ƙafa."

"Jinin da ke jikinki bai kai na 'yarki ba. Ke ma gado za mu ba ki."

"Ko kaɗan ba za a samu ba?"

"Ko cokali ɗaya."

"To ku sake gwadawa. Wataƙila wannan yatsar ce."

Zulai ce ta bayar, da wasu malamai biyu abokan aikin Mudassir. Kafin magariba jini ya tsaya. Hansatu ta tashi.

Yaya kuwa aka kwantar da ita a ɗakin mata, ƙofa uku daga na masu haihuwa.

Washegari Zulai ta zauna a bakin gadon yayarta, idanunta sun kumbura. Hansatu ta ce, "Me ya samu Yaya? Ba ciwo take ba da na baro ta."

"Ya fi shekara jini yana zubar mata, Yaya Hansa. Ba ya ɗaukewa. A bayan lambu take wanke zannuwanta don kada in gani. Da na gano na ce mu je asibiti, ta ce wannan ba maganar da ake kai wa namiji ba ce, girma ne, zai wuce."

Zulai ta ci gaba.

"Sannan tun ranar da aka ce kina da ciki, ƙwai bai sake shiga bakinta ba. Ko fasasshe ne, ni take ba wa. Zogalen nan duk ta tsinke ta shanya miki. Waken da ya rage a rumbu, naki ne. Ita tuwo take ci da miyar kuka tsinkakkiya, ko daddawa babu. In na yi magana ta ce ta ƙoshi."

"Zulai, ya isa."

"Bari in ƙarasa. Duk ranar da direba ya dawo da buhu, ita take zuwa karɓa da kanta. Ta ɗaga shi, ta kaɗe, ta leƙa cikin robar. In ta ga babu komai sai ta yi murmushi ta ce, 'Tana ci.' Ranar har waƙa take yi a lambu."

Tana ci.

Wata biyar. Talata ashirin da wani abu.

Ko ƙwai ɗaya Hansatu ba ta fasa ba.

Ta yi ta neman takarda a ƙasan dusa, alhali wasiƙar ce take ɗauka da hannunta tana kai wa maƙwabta.

Ta cusa fuskarta a matashi don kada masu jego su ji.

Ko a wannan zuwan na gaggawa, Yaya ba ta zo hannu sake ba. Robar tana cikin mayafinta. Da Maman Siyama ta zo dubiya ta ji labari, ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Wayyo ni, da bakina na ci jinin baiwar Allah." Ita ta tafi da robar gida, ta dafa ƙwan, ta haɗo kwaɗon zogale ta kawo.

A rana ta uku Hansatu ta iya miƙewa. Ta dafa bango, Malam yana riƙe da kwano a bayanta, har ɗakin mata. A bakin ƙofa ya miƙa mata kwanon ya tsaya, don suruki ba ya shiga kan surukarsa tana kwance.

Yaya ta ƙanƙance a kan gado. An ƙara mata jini, amma ƙafafunta sun kumbura, numfashinta yana fita da ƙyar. Likita ya ce zuciyar ta daɗe tana aiki babu isasshen jini, ta gaji.

Da ta ga mai shigowa, ta juya fuska wajen bango.

Hansatu ta zauna. Ta ɓare ƙwai ɗaya.

"Yaya, ga shi."

"Na ƙoshi."

"Ba ki ƙoshi ba."

Can Yaya ta yi magana, da bangon take yi.

"Sun ce jinin ya yi kaɗan. Ashe abin da nake aikowa bai isa ba. Da na sayar da zabi biyu na haɗa da hanta."

Nan Hansatu ta kasa.

Ta zame daga kujera ta durƙusa, ta kifa goshinta a gefen katifa.

"Ya isa, Yaya. Wallahi ya isa har ya yi yawa. Ni ce ban ci ba. Ko sau ɗaya ban ci ba. Bayarwa nake yi. Fushi nake da ke, don ba kya kiran sunana."

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a durƙushe ba.

Sai ta ji an zare ƙwan daga hannunta.

Ta ɗago.

Yaya ta juyo. Ba bango take kallo ba, ba ƙasa ba. Fuskar 'yarta take kallo, a hankali, daga goshi har haɓa, kamar mai biyan kallon shekaru.

Ta raba ƙwan biyu. Ta miƙa mata ɓangaren da ya fi gwaiduwa.

"To a ci yanzu."

"Sai kin ci naki."

Yaya ta kai nata baki.

Suka ci. Suka sa hannu a kwano ɗaya suka ci kwaɗon, loma uku Yaya ta iya. Ta ce gishiri ya yi yawa, mutanen birni ba su iya kwaɗo ba. Hansatu ta yi dariya da hawaye a fuska.

Wannan ne karo na farko da suka ci abinci tare.

Shi ne kuma na ƙarshe.

Ranar Talata bayan la'asar, saura kwana biyu suna, Allah ya karɓi ranta.

Direban ƙauye da ya saba ɗauko buhu, shi ya mayar da ita gida.

Ba a yi taron suna ba. An yanka rago da safe, aka yi addu'a. Malam ya shigo ɗaki ya tsuguna a gaban matarsa ya ce, "Na sa mata Karimatu."

Sunan Yaya ke nan na yanka.

Mata biyar ne a ɗakin. Da Gwaggo, ƙanwar babansu da ta zo yi mata wankan jego, da Zulai, da Maman Siyama, da wasu maƙwabta biyu.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "To, Allah ya raya. Sai a dinga ce mata Ummi. Ke dai kin san ba ki da bakin faɗar wannan suna. Ga ta 'yar fari, ga sunan mahaifiyarki. Kunya biyu ke nan. Miƙo ta nan, mai jegon fari ba ta rungumar ɗa a gaban mutane."

Ta miƙo hannu.

Hansatu ba ta bayar ba.

A gabanta akwai kwanon da Zulai ta ajiye tun ɗazu. Zogalen ƙarshe ne da Yaya ta shanya, Zulai ta samo shi a kan tabarma a inuwar ɗaki, an tanada don buhun Talatar da ba ta zo ba.

Hansatu ta ja kwanon. A gaban kowa ta ci, loma bayan loma, tana haɗiyewa da kuka, har ta ga ƙasansa. Ta karɓi ƙwayar maganin ƙarin jini a hannun Malam ta kora da ruwa.

Sannan ta ɗaga jaririyar daidai fuskarta.

"Karimatu."

Gwaggo ta ce, "A'uzubillahi! Ke!"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Yau ɗaya ki bar ni."

Har tsakar gida an ji muryarta.

"Karimatu, na yi miki alkawari. Zan kira sunanki da safe, in kira da yamma, har ki gaji da ji. Kwano ɗaya za mu ci ni da ke. Ba zan ba ki ƙwai in zauna da yunwa ba, rabawa za mu yi. Ba zan taɓa ce miki na ƙoshi ba alhali ban ƙoshi ba. In jikina ya yi ciwo, zan faɗa da bakina, in tafi asibiti da ƙafata. Zan zauna da ke, in Allah ya yarda, har ki ga tsufana."



Gwaggo ta sauke hannunta. Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

Darasi:

'Yar uwata, abincin da jikinki yake nema ba lallai yana cikin leda mai ƙyalli ba. Sau da yawa yana bayan ɗakin mahaifiyarki. Zogale, wake, ƙwai, ganyen da kike raina wa. In an aiko miki, ki ci. In an ba ki magani a wajen awo, ki sha. Kada ki hukunta wani da cikinki, jikinki ne zai biya.

Ke kuma uwa, mai ba kowa ta ce ta ƙoshi, 'ya'yanki sun fi bukatar ki a raye fiye da rabonki na kwano. Ki ci. Kunya ado ce, amma ba a yin ta da ciwo. Jinin da ya ƙi ɗaukewa ba girma ba ne, a je a duba.

Wadda mahaifiyarta ke raye, yau kada ki tsaya a "ina wuni". Ki tambaye ta me ta ci. In ta ce ta ƙoshi, ki sake tambaya.

Ki tura wannan ga mace ɗaya da kika san ita ce ƙarshen ci a gidansu. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ƙara wa na raye lafiya.